Tarin Mai Shayi

Ni mace ce mai ƙyanƙyami, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina gidanmu a Zariya, in wani ya yi kaki a tsakar gida, to abincin ranar ya fita daga raina. Mahaifiyata takan ce Allah ya kai ni inda za a gyara mini zama. Sai ya kai ni Sudan, inda na tarar da maza suna cusa dunƙulen taba a ƙasan leɓe, suna tsartar da baƙin yawu ta tagar mota ba su ko duba wa ke wucewa. Watannina na farko a can kaina a sunkuye nake tafiya, ina zaɓen inda zan taka.

Karatu ne ya kai maigidana ɗaya daga cikin jami'o'in Musulunci na Khartum, lokacin soja suna tsakiyar mulkinsu. Haya a cikin gari ta fi ƙarfinmu, sai muka kama ɗaki a wata unguwar gefen gari, Alhilla Kuku, jikin gidan wasu Hausawa. Kakanninsu sun baro ƙasarmu da niyyar Makka, noman auduga ya tsayar da su a Jazira, daga baya 'ya'yan suka gangaro birni. Katangar da ta raba mu ba ta wuce kafaɗata ba, ta samanta ake miƙo gishiri da garwashi da labarin unguwa. Hausarsu rabi Larabci ce. Tawa kuma dariya take ba su, wai ina magana kamar rediyo.

Babbar 'yar gidan ce ta fara jana a jiki. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta da sunan da take kirana da shi sai "matar ustaz". Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu kafin zuwanmu, ta dawo gaban mahaifiyarta Hajja. Shayi take sayarwa a gindin wata dalbejiya kusa da kasuwa, da murhunta na gwangwani da kujerun ƙarfe masu ɗaurin igiya. In 'yan sandan da'a suka kawo samame, ta kwashi tukunya ta ruga, su tafi da kujerun, washegari ta aro wasu ta dawo. Ita ta koya mini ɗaura lafaya yadda ba za ta zame ba, ita ta koya mini kaɗa yatsa don a tsayar mini da mota. Ta kuma gano halina tun ranar farko. In na zauna wurinta sai ta ɗaga kofi sama ta wanke shi a idon kowa, tana cewa, "Na matar ustaz ne, sai an yi masa wankan janaba."

Tarin ya fara mata kamar na kowa. Muka ce hayaƙin gawayi ne. Sai zazzaɓi ya riƙa zuwa da la'asar, ta wayi gari rigarta sharkaf da gumi, awarwaronta suka fara gangarowa har tafin hannu. Wata rana da hantsi, ba kowa a gindin bishiyar sai mu biyu, ta zuba mini shayi ta ce, "Matar ustaz, kin san abin da ya kashe rajilina, mijin nan nawa?" Na ce an ce mini ciwon ciki ne. Ta ce, "Haka Yumma, uwata, take faɗa. Ƙanjamau ne. Kuma ya bar mini." Na dubi kofin da ke hannuna, ta ga na duba, ta fashe da dariya har tarin ya sarƙe ta. Haushin kaina ya kama ni, na ɗaga kofin na shanye da zafinsa har ya ƙona mini harshe.

Maganin ƙanjamau a lokacin sai dai labarinsa, ba mai irin ƙarfinsu ke ganinsa ba. Amma maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi, kuma mun san yana aiki, don a gidan akwai shaida. Ƙanin Hajja, wanda kowa ke ce wa Kawu, tsoho ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a gonar auduga, yana zaune a wata rumfa a ƙarshen tsakar gidan. Watannin baya an gwada kakinsa a asibitin unguwa, gwaji ɗaya aka ga cutar, aka sa shi kan magani. Kullum da safe ya je ya haɗiye ƙwayoyinsa a gaban ma'aikaciya. Ya yi ƙiba, ya koma cin kwano guda shi kaɗai. Tarin ne dai bai bar shi ba, shi kuma bai bar tabarsa ba. In ya fara kaki da asuba har ɗakinmu nake ji, in toshe kunne da matashi ina tsaki.

Abin da muke nema wa Yaya ke nan, a ce tana da tarin fuka a ba ta abin da aka ba Kawu. Sai dai Hajja ta rantse ba za a kai ta asibitin unguwa ba. Tana da sauran 'yan mata a gida, ma'aikatan wurin kuma duk 'yan unguwa ne, in suka tona suka gano ɗayar cutar, ba mai sake leƙo gidan neman aure. Aka zaɓi wani asibiti can Omdurman, hayin kogi, inda ba a san su ba. Rakiya kuma ta faɗo kaina. Hajja ta ce, "Bitti, 'yata, ke baƙuwa ce, ko an gan ki ba wanda zai ce 'yar gidan wane ce." Maigidana ya ce lada ne. Shi da ke faɗar haka bai taɓa leƙa wurin ba.

Har yau in na tuna bayan katangar asibitin nan sai zuciyata ta tashi. A tagar ɗakin gwaji za a miƙo wa mutum wata 'yar roba mai murfi, a nuna masa baya da haɓa. Can bayan, fili ne mai yashi, ba inuwa, ba ruwa, maza da mata kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana ƙoƙarin tatso abin da ke ƙirjinsa. Wanda ya fito da yawa a tofar da ragowar a ƙasa. Ƙudaje kuwa sun san wurin fiye da likitoci, su tashi daga yashi su sauka a leɓen mutum. Na tsaya da gefen lafayata a hanci, ina riƙe da jakar Yaya, ina tambayar kaina me ya rabo ni da Zariya.

Yaya ta yi tari har hawaye suka zubo, amma abin da ya fito ɗan kumfa ne fari. Sau uku ake kai wa, ɗaya a wurin, ɗaya na asuba daga gida, ɗaya kuma ranar da aka kai na asuban. Mai gwajin ya shafa a gilashi, ya zuba masa launi, ya leƙa a madubinsa. Amsarsa kalma ɗaya ce, kuma ita ce kalmar Larabcin da na fi tsana har gobe: "Mafi." Babu.

Da ma a nan abin ya tsaya. Likitan farko da muka gani babba ne, mai furfura da ƙamshin turare. Yaya, saboda gaskiya irin tata, ta gaya masa abin da ke jininta. Ina kallo ya ja kujerarsa baya. Abin sauraren ƙirjin da ya ɗauko ya mayar da shi aljihu. Daga can ƙarshen tebur ya rubuta mata ƙwayoyin mura, ya ce ta sha ta dawo, ya ƙara da yi mata nasiha a kan tuba. Matar da ba ta san kowane namiji ba sai mijinta! Na buɗe baki, ta take mini ƙafa. Da muka fito, mai share-share ta bi sawunmu da ruwan magani ta watsa a benci. Kakin ɗaruruwan mutane na zube a bayan katangarsu ba wanda ya damu, sai bencin da Yaya ta zauna.

Ta sha ƙwayoyin, ba abin da ya sauya. Muka sake zagayen roba uku, mafi. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗaga shi a taga aka ce ba a ga wani abin kirki ba. Maganin yana nan a ɗaki na gaba, muna ganin kwalayensa ta ƙofa, amma ba a buɗe wa mutum sai madubi ya gani. Ta daina fita shayi. Ta koma kwanciya a gadon igiya a inuwar katangarmu, in na leƙo ta ɗaga mini yatsu biyu.

A zuwanmu na gaba muka dace da wani likita sabon hannu, siriri, mai saurin magana. Shi ne mutum na farko a ginin nan da ya ɗora hannu a bayan Yaya ya saurara. Ya daɗe yana sauraro. Da ya gama ya yi mana bayani da Larabci a hankali don ni ma in gane. Ya ce mai lafiyayyen jiki in tarin fuka ya kama shi, jikin yakan yi faɗa da cutar har huhu ya rarake, ƙwayoyin su zubo cikin kaki da yawa, madubi ya gan su. Wanda ƙanjamau ya karya wa garkuwa kuwa jikinsa ba ya faɗan, cutar sai ta bazu shiru, kakin ya fito kusan fari tas, hoto ma ya yi kamar lafiya. Ya ce, "Wanda ya fi kowa ciwo, shi gwajinmu ya fi kasa gani." Ya ce shi a ransa ya tabbata tana da ita, amma na sama da shi ba za su sa hannu ba.

Sai ya kawo wata hanya. A Khartum akwai babban ɗakin gwaji inda ake shuka kaki a kwalba kamar iri, a ajiye a ɗumi. Ko ƙwayoyin kaɗan ne za su tsiro a gan su. Yakan kai kusan wata biyu, kuma ba kowa ake yi wa ba, sai da ya roƙi wani abokin karatunsa. Ya ba ni roba sabuwa ya ce na asuba yake so, na farko, kafin ta sa komai a baki. Ya ce tunda tafiya na wahalar da ita, in kawo ni kaɗai.

Na dawo da murnata na zayyana wa Hajja. Na ce mata wannan shi ne babban gwajin, alfarma aka yi mana, ba lallai a sake samu ba. Na nanata mata har sau nawa. Tana jan carbi ta ce, "Yani in wannan ma ya ce mafi, khalas, shi ke nan?" Na ce kusan haka ne.

Washegari da sassafe ta miƙo mini robar ta saman katanga, a naɗe cikin tsumma. Ta ce Yaya ta sha wuya wajen fitar da shi, ta koma barci, kada in tashe ta. Na buɗe tsumman da bakin yatsa don in tabbatar murfin ya rufu. Abin da na gani ya kusa rabin robar, mai kauri, kore-kore da ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa. Wallahi farin ciki na yi. Na ce yau dai ƙirjin ya buɗe. Na ƙara naɗe shi da leda biyu na sa a jakata, a gefen kuɗin mota da ɗan littafin addu'ata.

A bakin gada soja suka tsayar da motarmu. Lokacin suna farautar samari ne don kai su yaƙin kudu, sukan kuma leƙa kayan mutane in sun ga dama. Wani ya ji harshena ya gane baƙuwa ce, ya ce in buɗe jaka. Ya zura hannu ya ɗauko ƙullin ya kwance leda ya kwance tsumma, ya ɗaga robar sama yana juya ta a rana. Na ce masa kakin mai tarin fuka ne. Sai ga soja da bindigarsa yana yarfe hannu yana goge shi a wando, ya jefo mini abin a cinya. Mutanen motar suka dare, kujerata ta zama tawa ni kaɗai har Omdurman. Na rungume jakata ina karanta duk addu'ar da na sani a kan robar nan, Allah ya sa abin da ke ciki ya tsiro.

Jiran nan ya ci Yaya. Gudawa ta shigo, bakinta ya yi fari, kunun da nake dama mata cokali biyu take sha. Duk da haka ba ta bar tsokanata ba. In na zo goge mata baki sai ta ce, "Matar ustaz, ina ƙyanƙyamin? Ko kin bar shi a hafla?" Ƙyanƙyamin yana nan, ban bar shi a motar kowa ba. In na koma ɗaki sai na wanke hannu har fatar ta yi ja. Hajja kuwa hankalinta kwance yake fiye da kowa, har mamaki take ba ni. Kullum cewa take, "Natija za ta fito kwayyis, in sha Allahu," wai sakamakon zai yi kyau.

Ranar da na je karɓar sakamako, likitan bai ce in zauna ba. Ya ce ba abin da ya tsiro. Ya ce har waya ya yi wa abokin nasa, kwalbar tas take. Ya dafe goshi ya ce shi kam ya rasa, da ya rantse tarin fuka ne, amma shuka ba ta cika ƙarya ba. Yanzu ko bakin da zai tunkari na sama da shi ba shi da shi.

Na iso gida da azahar. Hajja tana tankaɗe, Kawu yana rumfarsa, Yaya tana kan gadonta. Na faɗa musu a tsaye. Hajja ta saki rariya ta miƙe.

"Kazzab! Ƙarya suke. Ba su duba ba."

Na ce, "Hajja, sun duba. Wata biyu suna dubawa."

"Bitti, ba zai yiwu ba. Ai ba nata ba ne. Na Kawunta ne! Shi da aka gani a gwaji ɗaya?"

Ban gane ba da farko, sai da ta maimaita. Ta yi mini bayani tana tafa hannu, kamar ni ce mai taurin kai. Ta ce ta ga nata ba ya fitowa, sau shida ana cewa babu. Ni da bakina na ce wannan ne na ƙarshe. To gida ɗaya, tari iri ɗaya, jini ɗaya, mene ne laifi in Kawu ya ara wa 'yar 'yar'uwarsa? A Jazira in buhun wani bai cika ba ranar awo, ɗan'uwansa ke cika masa daga nasa. Da asuba ta kai masa robar, ya zauna ya tattaro mata mai kyau, har sai da ya yi sau uku don ya cika.

Na tuna ɗigon nan ƙasa-ƙasa. Taba ce. Na tuna yadda na rungume jakar, da addu'o'in da na tofa. Ban kai bakin rariyar gidan ba, a tsakar gida na amayar da duk abin da ke cikina. Da na ɗago na manta da girman Hajja, na manta ni baƙuwa ce. Na ce mata gwajin nan shi kaɗai ne zai iya ganin ciwon 'yarta ko da kumfa ta tofa, shi kaɗai, kuma ta ɗauka ta ba tsohon da ya yi wata da watanni yana shan magani. Na ce Kawu ya warke, shi ya sa ba abin da ya tsiro.

Kawu ya fito daga rumfa yana gyara hula. Da fari ransa ne ya ɓaci, kamar an dawo masa da kyauta. "Nawa ne ba su ga komai ba? Ni da nake tari har maƙwabta na ji?" Ya ce an taɓa sake gwada shi a unguwa ba a ce masa komai ba, aka ci gaba da ba shi ƙwaya, shi kuwa ya ɗauka da ya warke da an daina. Sai maganar ta zauna masa. Na ga fuskarsa tana washewa a hankali, yana ƙoƙarin danne ta ya kasa. Ya shafa ƙirjinsa ya ce, "Alhamdu lillahi." Ba laifinsa ba ne, wa zai ƙi lafiya? Amma na tsani murmushin nan, kuma ban daina ba.

Yaya ce ta katse mu. Muryarta ta dushe, sai da muka matsa. Ta ce, "Mabruk, Kawu." Sannan ta juyo ta dube ni. "Matar ustaz, bar Yumma. Ko ba komai an samu wanda ya warke da sunana."

Da sassafe na koma Omdurman na gaya wa likitan komai. Ya buga tebur har abin rubutunsa ya faɗi. Ya zagi jahilci, ya zagi dokar asibitin da ta sa mutane aron kaki, ya ce ba mu ne na farko ba, har sayensa ana yi a bakin ƙofa. Ya ce in kawo ta yau ɗin nan. Muka ɗauki shatar mota, aka kwantar da ita a baya, kanta a cinyata.

Ba ta iya zuwa bayan katanga ba. A ɗakinsa ya zaunar da ita, ni na riƙe robar a bakinta, shi yana bubbuga mata baya. Ta ja numfashi, ta yunƙura, ƙirjin ya yi ƙara kamar ana jan tabarma, ba abin da ya fito. Ƙarfin tarin ma ya ƙare. Muka yi ta yi har ta langaɓe a kafaɗata. Ya karɓi robar ya duba, ya jefa a kwandon shara, ya fita. Muna jin muryarsa a ɗakin babban likita, da ta babban yana cewa kada a ɓata maganin gwamnati a kan wadda kwananta ya riga ya ƙare. Ban san abin da ya ce masa ba daga baya. Ya dai dawo da kwali a hannu, ya ɓalle ƙwayoyin farko da kansa ya ba ta. Ko a ranar ba wanda ya rubuta cewa tarin fuka gare ta. Gwaji aka kira shi, a ga ko za ta ji sauƙi.

Kwanaki kaɗan ta sha. Zazzaɓin ya ɗan sauka, har ta nemi in dafa mata shayi, ta kurɓa ta ce na cika sukari kamar 'yar ƙauye. Ranar wata Laraba da hantsi ta cika, Hajja na riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta.

Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gida don maza, mata muka cika tsakar gida a kan tabarmi. Unguwa ta zo kaf, har da waɗanda suka daina gaishe ta tun da ta rame. Na ga masu zuwa da kofinsu a cikin lafaya, mutanen da suka shekara suna shan shayinta a kofinta. Na ga masu karɓar ruwa su kai baki su ajiye ba su sha ba. Kowace ta zauna, ta yi ta'aziyya, sai ta sunkuyo da tambayar da ta kawo ta: me ya same ta ne haka?

Hajja ta share hawaye ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. "Sul ne. Tarin fuka. Irin na Kawunta, shi Allah ya tashe shi, ita kwana ya ƙare."

Sai tsakar gidan ta ɗauka. Wata ta ce ai ita tun farko da ta ji tarin ta san sul ne. Wata ta ce ko yaro ya ga ramar nan ya san sul ne. Wata tsohuwa ta ce abin mamaki ma da ba a kai ta asibiti da wuri ba, ga magani kyauta. Aka yi ta gyaɗa kai, kowa ya samu sauƙi, don cuta ce da ake iya faɗa a cikin mutane, 'yan matan gidan kuma za su auru. Daga rumfar maza ina jiyo Kawu yana ba da shaida, shi da ya san ciwon a jikinsa.

Na zauna ina kallon bakunansu. Watanni muna haye kogi muna roƙon mutum ɗaya ya faɗi kalmar nan tana da rai, ba a samu ba. Yau ba roba, ba madubi, ba shuka, mata sun fi hamsin sun gano ciwonta a zaune, kuma daidai suka faɗa.

Wata da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Ke da kika riƙa kai ta mustashfa, asibitin nan, haka daktor ya ce, ko? Sul ne?"

Hajja ta zuba mini ido daga inda take. Na dubi gadon igiyar da aka jingine a jikin katangarmu. Na ce, "Daktor bai samu ya faɗa ba." Na tashi na nemi takalmana a cikin tulin da ke bakin ƙofa, na shiga ɗakina na rufe.